Ku dasa wardi tun ƙasa ba ta daskare ba

'Yan uwa mazauna Ingila da Amurka, kada ku jira bazara, wato bayan hunturu. Ku dasa furen wardi a Satumba ko Oktoba, kamar mako 6 kafin sanyin farko mai daskarar da raɓa.

A lokacin iska ta yi sanyi amma ƙasa na da ɗumi, sai saiwa ta kama da kyau. Kuma shagunan tsirrai kan karya farashi a lokacin kaka.

Ku ba shi ruwa sosai, ku rufe gindin da busassun ganye. Taki kuwa a bari sai bazara, don yana sa sabon toho, wanda ba ya jure sanyi.

Amma in ƙasar lambunku na riƙe ruwa, saiwar ruɓewa za ta yi. Mutanen jihar Minnesota ta Amurka da tsakiyar Kanada, inda sanyi ya yi tsanani, ku dai ku haƙura sai Mayu.