Jinyar maigida da tarbiyyar yara a gida ɗaya

A fadamar Argungu ciwon ya sami Malam, yana ban ruwan shinkafar rani. Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Ya'yanmu huɗu, babbar tana da shekara 13 a lokacin, autan kuma ban daɗe da yaye shi ba. Abin da zan faɗa miki, 'yar'uwa, a aikace na koye shi.

Ki fara da faɗa wa yara gaskiya daidai hankalinsu. Sati guda ina cewa "Baba na hutawa ne", har na tarar da na biyun yana kuka a bayan rumbu, wai ya ji 'yan dubiya na cewa ba a tashi daga irin wannan. Bayan sallar isha na zaunar da su, na ce jijiyar jini ce ta sami matsala a cikin kan Baba, ciwon ba ya yaɗuwa, kuma ba laifin kowa ba ne. Daga ranar barcinsu ya daidaita.

Sai kuskuren da ya fi damuna. Na ɗora wa babbar 'yata wanki, girki da goyon ƙaninta, har ta yi wata guda ba ta leƙa aji ba. Kada ki mayar da 'yarki majinyaciya, komai hankalinta. Ki ba kowane yaro aiki ƙarami wanda ke da iyaka: ɗaya ya cika buta, ɗaya ya yi wa Baba fifita bayan azahar, musamman a zafin Afrilu, ɗaya ya biya masa haddarsa ta Islamiyya. Wanka, kama ruwa da canza shimfiɗa aikin manya ne, mutuncin uba a idon 'ya'yansa ma abin jinya ne. Boko da Islamiyya kuwa ba a taɓa su.

Jinyar kanta tana son ƙa'ida. Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi duk bayan awa 2, don kada gyambo ya fito masa a kwankwaso ko diddige. Abinci a zaune ake ba shi, a hankali, ya kuma yi kamar minti 30 a zaune kafin ya kwanta, don kada abincin ya sarƙe shi. Maganin hawan jini ba a tsayar da shi don an ga sauƙi. Ni da lokutan salla na ɗaure shi, na rataye shi inda hannun yara ba ya kai. Ban iya tukunya biyu ba, sai na rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miyar gida gaba ɗaya, na ƙara daddawa. Yaran sun yi ƙorafi kwana kaɗan suka saba.

Dangi za su ce "in da abin yi ki faɗa". To ki faɗa, da rana da lokaci. Na ce wa ƙanin Malam: "Kai ne mai raka shi gashi Birnin Kebbi duk ranar da likita ya sa." Inna kuma na roƙe ta ta riƙa kwana wurinmu Alhamis da Juma'a, in samu barci mai kyau. 'Yan dubiya, Allah ya saka musu, amma na tsayar musu da bayan la'asar, in ba haka ba yini guda ki yi ta amsa "ya mai jiki?" tuwo bai hau wuta ba. Abin da suka ajiye a gefen tabarma na ware shi na magani ne kawai, kuɗin adashina kuma na makaranta.

Na kuma koya wa manyan biyun alamomin da ba a jira a kansu: baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ya saki farat ɗaya. Lambar mai motar unguwarmu na rubuce da gawayi a bangon zaure.

Da dare, in na gyara wa Malam kwanciya, ina fitowa tsakar gida in zauna da yaran ko na minti 20 ne. Ba a maganar ciwo a wannan zaman. Autan kan hau cinyata, babbar kuma ta buɗe littafinta ta nuna mini inda aka tsaya.