Yadda Ake Shiga Gasar Diresaj ta Farko da Dukushi

Diresaj gasa ce ta nuna horon doki, inda mahayi yake shiga fili shi kaɗai ya bi jerin motsin da aka tsara tun kafin ranar, alƙali kuma yana zaune yana ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Tana cikin wasannin Olamfik tun shekarar 1912, kuma hukumar wasannin dawaki ta duniya, wato FEI, wadda aka kafa a 1921, ita ce ke riƙe da dokokinta na ƙasa da ƙasa. Sai dai mai dukushi zai fara ne da ƙananan gasannin da hukumar ƙasarsa ko kulob ɗin mahaya na yankinsa ke shiryawa, kuma bayanin da ke tafe ya fi dogara ga tsarin Birtaniya.

A tsarin British Dressage, hukumar diresaj ta Birtaniya, ba a shigar da doki gasa sai ya kai shekara 4. Cika shekarun ba ya nufin dokin ya ƙosa, domin ƙasusuwan gadon bayansa ba sa gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6, saboda haka gajeren horo na minti 20 zuwa 30, tare da ranakun hutu da fita kilisa a fili, ya fi masa amfani a kan zagaye guda da za a riƙa maimaitawa har ya gaji. Matakin farko shi ne Intro, wanda babu komai cikinsa sai tafiya da sassarfa, sannan Prelim, inda ake ƙara ƙaramar sukuwa mai bugu uku. Shawarar da masu horarwa suka fi bayarwa ita ce a shiga matakin da yake ƙasa da abin da dokin ya iya a gida, saboda baƙon wuri yana rage wa dukushi wani kaso na abin da ya koya.

Abin da alƙali yake nema a wannan mataki ba ado ba ne. Tsarin horon da Jamusawa suka shimfiɗa, wanda alƙalai suke bi a ko'ina, yana da hawa 6, kuma dukushi ukun farko ne aikinsa: daidaiton taku, sakin jiki, da yarda da linzami. Daidaiton taku yana nufin tafiya ta fito da bugu huɗu a sarari, sassarfa ta fito da bugu biyu, kuma saurin kada ya canja ko a kwana ko a miƙe. Yarda da linzami kuwa ita ce dokin ya nemi hannun mahayi da kansa, bakinsa a natse, ba a janyo masa kai da ƙarfi ba. A nan ne wanda ya saba da hawan sallah ya kamata ya sake lale, domin linzamin gargajiya mai kaifi da ake tsayar da doki cak da shi a tsakiyar sukuwa ba shi da gurbi a wannan gasa. A ƙananan matakai linzami mai sauƙi kawai aka yarda da shi, kuma idan aka ga jini a bakin doki fitar da shi ake yi nan take.

Sanin fili shi ne hanyar samun maki mafi arha, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin asara ba tare da laifin doki ba. Ƙaramin fili faɗinsa mita 20 ne, tsawonsa mita 40, babban kuma tsawonsa mita 60. Ana shiga ta harafin A, a tsakiyar gajeren gefe, alƙali yana zaune a C, daidai gaban mai shigowa. A ƙaramin fili, hannun hagu akwai K, E da H, hannun dama akwai F, B da M, tsakiyar fili kuma ana kiransa X ko da yake ba a kafa masa alama. Haruffan K, H, M da F suna nesa da kusurwa da mita 6, kuma wannan lissafin yana da muhimmanci idan aka zo da'irar mita 20, wadda kusan kowace jarrabawa ta farko, wato jerin motsin da ake bi a gasa, take ɗauke da ita. Idan aka fara da'irar daga A, dole ta taɓa dogon gefe a mita 10 daga kusurwa, wato mita 4 bayan an wuce F ko K, sannan ta ratsa ta kan X. Mahayin da ya nufi harafin kai tsaye, ko ya shige cikin kusurwa, zai zana ƙwai maimakon da'ira, kuma daga C babu abin da yake ɓuya. Haka nan, ana yin motsi ne lokacin da jikin mahayi ya zo daidai harafi, ba hancin doki ba. Yana da kyau a auna fili a gida da igiya, a jera bokitai masu haruffa, mahayin kuma ya taka jarrabawar da ƙafarsa har ta zauna masa. Amma kada a yawaita yin ta ɗungurungum a kan dokin, domin dukushi mai kaifin kai yakan haddace ta ya riƙa riga mahayi juyawa. Gara a rarraba ta gutsure-gutsure.

Akwai motsi guda da ake rainawa alhali makinsa sau biyu ake lissafawa a jarrabawa da yawa, wato sakakkiyar tafiya da dogon kamazuru. Ana so dokin ya miƙa wuya gaba da ƙasa, takunsa ya buɗe har kofaton baya ya wuce sawun na gaba, sannan a tattaro kamazurun a hankali ba tare da ya ɗaga kai ko ya fara sassarfa ba.

Kafin ranar gasa, a kai dukushin wurin da bai sani ba sau da dama, ko da hayar fili ce ta awa ɗaya, domin ya saba da shiga mota, da fararen allunan da ake kewaye fili da su, da tukwanen furanni, da motar da alƙali yakan zauna a ciki. Wasu sukan kai shi gasa ba don ya shiga ba, sai don a zaga da shi da ragama ya ga taro ya ji hayaniya, kuma wannan dabara ta cancanci kuɗin man da za ta ci. A duba fasfo ɗin dokin, a tabbata allurar rigakafin murar dawaki ba ta wuce lokaci ba, domin ana iya hana shi shiga saboda ita.

A ranar, a isa da wuri yadda dokin zai sauka ya huce kafin a ɗaura sirdi. Filin ɗumama jiki shi ne ya fi tayar wa dukushi hankali, saboda dawaki suna zuwa masa ta kowane ɓangare. Al'ada ita ce masu fuskantar juna su wuce hagu da hagu, kuma a Birtaniya ana ɗaura koren ƙyalle a jelar dokin da bai saba da taro ba, ja kuma ga mai harbi, don sauran mahaya su ba da tazara. Kada a ƙarar da ƙarfinsa a nan, domin dukushin da ya gaji ba ya natsuwa, sai dai ya yi nauyi a hannu. Kafin shiga a cire duk abin da aka naɗe masa ƙafafu da shi, tunda ba a yarda da shi a cikin jarrabawa ba, hular kwano kuwa wajibi ce.

Idan alƙali ya buga ƙararrawa, mahayi yana da daƙiƙa 45 ya shiga, saboda haka babu dalilin gaggawa. An yarda a ƙananan gasanni wani ya tsaya a gefe yana karanto jarrabawar, kuma babu abin kunya a neman hakan. Wanda ya ɓata hanya za a buga masa ƙararrawa a nuna masa inda zai ci gaba, a cire masa maki 2 a karon farko, 4 a na biyu, a na uku kuma a fitar da shi. Idan ƙafafun dokin huɗu suka fita daga fili ana iya fitar da shi daga gasar. Idan ya firgita a wata kusurwa, makin motsi ɗaya ne ya tafi, don haka a mayar da hankali kan na gaba.

Bayan an fito sakamako a karɓi takardar alƙali a karanta sharhin da ke gefen kowane maki tare da mai horarwa. Maki 5 yana nufin an yi daidai gwargwado, 6 an gamsar, 7 an yi kyau matsakaici, kuma jimillar kashi 60 cikin 100 sakamako ne mai kyau ga dukushi a fitarsa ta farko. Idan sharhi iri ɗaya ya maimaitu, misali cewa dokin yana ɗaure bayansa ko da'irar ba ta cika ba, shi ne aikin makonni masu zuwa. Ba a hawa mataki na gaba sai makin ya tsaya wajen kashi 65 a hannun alƙalai daban-daban, a filaye daban-daban, kuma ƙaramar sukuwar ta daidaita a gida ta hannun hagu da ta dama.