Yadda za ka koya wa matashi mai galahanga mu'amala a wurin sana'a

Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Dambatta. Shekara 3 ke nan da ƙanwata ta kawo min ɗanta, lokacin yana da shekara 16, ta ce in riƙe shi ko share shago ne ya riƙa yi. A gida an sha cewa iska ce, an yi rubutu an yi turare, sai da aka kai shi asibiti a Kano likita ya ce galahanga ce, wato abin da Turawa ke kira autism, haka ƙwaƙwalwarsa take tun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 haka yake, to ka ga babu garin da ba su.

Ɗinkin kansa bai ba mu wahala ba. Cikin wata 2 yana tafiyar da layi a kan shadda kamar an ja da zare. Inda gizo yake saƙar shi ne mutane.

Abu na farko, ka manta da hannunka mai sanda. Sauran yaran shago da harara ko gyaran murya suke gane sun yi kuskure. Shi kuwa in ba ka faɗa da baki ba, bai faru ba. Na taɓa ce masa "Yau kam ka zo da wuri" alhali rana ta take, ya ce "Na gode, Kawu." Tun ranar na daina baƙar magana da habaici. Yanzu cewa nake: ka zo bayan ka karya kumallo, kafin ƙarfe 8, ka share, ka sa wa kekuna mai, ka jera zare. Na zana abubuwan uku a kwali na liƙa a bango. Lokutan salla kuma sun zama mana agogo: kafin azahar maɓallai, bayan la'asar guga.

Gaisuwa ma darasi ce, kada ka ɗauka zai tsince ta a hanya. Da yamma in shago ya yi shiru sai in fita in yi sallama kamar baƙo. Shi zai amsa, ya ce sannu da zuwa, ya tambayi gida da gajiya, ya nuna benci, sannan ya karɓi yadi da hannun dama. Mun maimaita har ba na iya ƙirgawa. Na ɗaukar masa muryata a waya yana saurara a gida. Wata rana ina zama dattijo, wata rana mai faɗa da ya zo ɗinkinsa bai gama ba, domin wannan shi ne ainihin jarrabawar. Jimla ɗaya na ba shi ya haddace: "Ka yi haƙuri, bari in kira Kawu." Ta fi ƙarfin kowace rigima.

Ban taɓa matsa masa ya kalli mutum cikin ido ba. Na ji a ƙasar Turawa suna ta fama da wannan, mu kuwa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya yi. Nan al'adarmu ta yi masa rana.

Sai maganar gaskiya tsirara, wadda ta kusa kore min wani babban mai kawo ɗinki. Yana auna wani Alhaji, ya duba littafin awon bara, ya ɗaga murya ya ce, "Tumbinka ya ƙaru da inci 4." Shago ya yi tsit. Ban yi masa faɗa a wurin ba, kuma kai ma kada ka yi, don kunyatarwa gaban jama'a ba ta koya masa komai sai tsoron shagon. Da aka watse na ce masa abin da ya faɗa gaskiya ne, amma awo na littafi ne, ba na baki ba. Ka'ida ce mai iyaka, ya riƙe ta gam. Da na ce masa "ka riƙa kara" kawai, da ban ce komai ba.

Ka lura da abin da ke cika shi. Azumin farko, ana saura kwana 5 salla, janareta na ruri, rediyo na yi, mutane sun cika ƙofa, sai ya toshe kunne yana jijjiga jiki, ya yar da almakashi ya fice. Wasu suka ce taurin kai. Ba haka ba ne, ƙara tana yi masa ciwo kamar yadda hayaƙi ke yi wa ido. Na mayar da kekensa can ƙurya nesa da injin, na sayo masa abin toshe kunne. Muka kuma yi yarjejeniya: in ya ji abin na tasowa ya ɗora hularsa a kan keke ya tafi gindin darbejiya, minti 10, babu mai tambayarsa. In kuma za a sauya tsari, misali ranar Lahadi za mu rufe mu tafi kasuwar Dambatta sayen zare, tun Juma'a nake sanar da shi.

Wani malamin makaranta ya ba ni labarin Temple Grandin, wata Ba'amurkiya mai galahanga da ta zama farfesa, wadda ta ƙirƙiro tsarin shingen da ake bi da shanu a mayanka da dama a Amurka. Tana shekara 13 mahaifiyarta ta sama mata aiki wurin wata mai ɗinki, kuma har yau tana jaddada cewa a fara koya wa irin yaran nan aiki a wajen gida tun kafin su girma. Na ji daɗi da na ji a ɗinki ta fara.

Kuɗi kuwa ka biya shi kamar kowa, a ranar da ka ce. Ka koya masa kafin alƙalami da ciko, da cewa bashi ba shi ke yanke hukunci ba, domin masu wayo sun fi son samunsa shi kaɗai. Sauran yara ma ka ja musu kunne, in tsokana ta shiga shago duk abin da ka gina zai rushe.

Yanzu mataki na gaba muke kai. Ina aikensa kai ɗinki gidaje 2 da na riga na yi magana da masu su, ya yi sallama, ya miƙa, ya karɓo ciko. Makon jiya ya dawo da kuɗin daidai, har da ƙullin gyaɗa da matar gidan ta ba shi, yana tambayata ko ita ma a littafi za a rubuta ta.