Tankinka Na Zubar Da Ruwa? Duba Waɗannan Kafin Ka Kira Mai Gyara

Aikin famfo nake yi a Sakkwato, kuma daga Mabera har Arkilla kiran da na fi samu da sassafe shi ne, "Malam, tankinmu na ta zuba tun cikin dare." Tambayata kullum ɗaya ce: me ke tsayar da ruwan idan tankin ya cika? Amsar ita ke nuna inda za a duba.

A gidaje da yawa babu komai sai hannun mutum. An kunna sumo, wato injin da ke turo ruwa daga rijiyar burtsatse, da yamma, aka ɗauke wuta, kowa ya manta da makunnin. Wuta ta dawo ƙarfe biyu na dare, sumo ya ci gaba da tura ruwa har asuba. Nan ba abin da ya lalace. A sa makunni mai sarrafa kansa, shi ke nan.

Idan ruwan gwamnati ke shiga tankin, akwai ƙwallo a jikin sandar ƙarfe a bakin bututun da ke kawo ruwa. Ruwa na tasowa, ƙwallon na tasowa, har sandar ta danne wata 'yar roba ta toshe hanya. Ka hau da safe, don da rana a watan Afrilu ƙarfen tsani ba ya taɓuwa, kuma wani ya riƙe maka tsanin. Buɗe murfi lokacin da ruwa ke shiga, ka ɗaga sandar sama da hannu a hankali.

In ruwan ya tsaya cak, robar lafiyarta lau, laifin na ƙwallo ne ko sandarsa. Kwance ƙwallon ka girgiza shi kusa da kunne. Ka ji ruwa na motsi a ciki? Ya huje, ya yi nauyi, ba zai ƙara tashi yadda ya kamata ba, sai sabo. In babu ruwa a cikinsa, duba ko yana gogar bangon tanki, ko an saita shi sama da yawa. Lanƙwasa sandar ƙasa kaɗan, ruwa ya riƙa tsayawa kamar yatsu uku ƙasa da bututun da ke fitar da rara.

In kuwa ka ɗaga ruwa bai daina tsiyaya ba, rufe ruwan daga ƙasa ka kwance kan da robar ke ciki. Sau tari abin da nake tararwa ɗan yashi ne, bai kai ƙwayar gero ba, ya maƙale tsakanin roba da mazauninta. Wani lokaci robar ce ta bushe ta tsage. Wanke wurin, canja robar. Ba na son ganin maigida ya sayi sabon kai ɗungurungum saboda yashi.

Mai makunnin sumo mai sarrafa kansa kuma, ka kashe wuta tukuna kafin ka sa hannu cikin ruwa. Wannan ba abin wasa ba ne. Makunnin na rataye cikin tanki a jikin waya da ɗan nauyi a tsakiya, in ruwa ya cika sai ya juya sama ya kashe sumo. Duba ko wayar ta naɗe a bututu, ko nauyin ya zame, har makunnin ba ya iya juyawa sama. Warware ta, ka fitar da hannunka, a mayar da wuta, ka ɗaga shi da busasshiyar sanda. In sumo bai mutu ba, wannan aikin mai gyaran wuta ne. Kuma don Allah kada ka sa ƙwallo kaɗai a layin sumo: hanya za ta toshe inji na aiki, ko bututu ya fashe ko injin ya ƙone.

Akwai wanda ke ruɗa mutane. Ka rufe bututun shiga gaba ɗaya, amma ruwa na ta hawa. To ta bututun fita yake shigowa, saboda an haɗa layin gwamnati da na tanki babu abin hana ruwa komawa baya. Haka ma tankuna biyu da aka haɗa ta ƙasa alhali ɗaya ya fi ɗaya tudu: na ƙasan ne zai yi ta zuba, sai an daidaita tsayinsu.

Kada ka ce sai ƙarshen wata. Lita 1,000 na ruwa nauyin tan ɗaya ne a saman ƙafafun ƙarfe, ruwan da ke zuba kuma gindin ƙafafun yake jiƙawa, ya ci su da tsatsa, ya ci katangar maƙwabci in ta ƙasa ce, ya tara sauro. Kafin gyara ya samu, jona tiyo a bututun rarar, ka kai shi gindin dogonyaro ko cikin duro, nesa da ƙafafun tankin.