Yadda ake zaɓar kan harsashin da zai yi wa libarba da karbin aiki tare

A Amurka, inda doka ta bar mutum ya haɗa harsashinsa da kansa a gida, da yawa suna riƙe libarba da karbin (gajeriyar bindigar kafaɗa mai liba) masu cin harsashi iri ɗaya, galibi .357 Magnum ko .44 Magnum. Haɗin ya daɗe, tun zamanin Winchester 1873 da harsashinta .44-40. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne ya sayi kan harsashi don araha, ya gwada a libarba ya ga lafiya lau, ya manta karbin irin Marlin 1894 ko Rossi 92 tana da nata sharuɗɗan.

Fara da siffar baki. Ma'ajiyar harsashin karbin bututu ce, harsasai na jere, bakin na baya yana dafe da hular na gaba, wato abin da ke kunna albarushi a gindin harsashi. Mai tsini zai iya tayar da na gabansa idan bindiga ta yi tokari. Saboda haka mai shafaffen baki kawai. Kamfanin Hornady na yin FTX mai tsinin roba, amma da tsada, kuma yana buƙatar a rage tsawon kwanso. Mai kafaɗa irin wanda masanin bindiga Elmer Keith ya tsara yana huda takarda tsaf a libarba, sai dai kafaɗar kan maƙale wajen shiga karbin. Ni dai mai zagayayyen gefe da shafaffen baki nake saya, mai nauyin giren 158 a .357 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne).

Sai tsagin da bakin kwanso ke kamawa, inda na fi ganin mutane suna tafka asara. Bindigogin biyu suna jan kan harsashi ne ta fuskoki mabambanta. A libarba tokari yana zaro shi waje kaɗan-kaɗan, har na biyar ko na shida ya leƙo ya hana silinda juyawa. A karbin kuwa sifirin na ma'ajiya da nauyin sauran harsasai suna tura shi ciki, wurin albarushi ya ƙuntata, matsi ya hau fiye da yadda littafi ya auna, kuma wannan ya fi haɗari. Wanda ba shi da tsagi, irin na bindigogi masu sarrafa kansu, bar shi a kanti ko da rabin kuɗi ake sayarwa. Duba ma inda tsagin ya faɗa: idan ka matse a kansa, tsawon .357 kada ya wuce inci 1.590. Haɗa guda biyu ko uku babu hula babu albarushi, ka zuba a bututu ka ja liba ka ga shigarsu, sannan ka auna ko sun nitse.

Dalma zalla ta fi sauƙin kuɗi, amma a ɗauki mai kaurin inci .358, don .357 na mai rigar tagulla ne. Dogon bututun da harsashi ke fita ta cikinsa a karbin yana ƙara gudu sosai, dalma mai laushi sai ta shafe cikinsa. Nemi mai ƙoƙon tagulla a gindi ko mai fenti. Mai rami a baki na giren 125 da aka yi don gudun libarba yakan tarwatse a gudun karbin, mafarauci ya hau 158 ko 180.

Awon albarushi kuwa daga littafin kamfanin Lyman ko Hornady, na wannan kan harsashin takamaimai, a fara daga mafi ƙanƙanta. A wanke hannu bayan taɓa dalma.