Yadda Ake Kafa Ajin Yaƙi da Jahilci Haɗe da Koyon Sana'a

Buɗe ajin manya ba wuya. Ranar farko tabarmi ba sa isa, amma sau da yawa kafin wata biyu sai a tarar malami na jiran mutum bakwai ko takwas. Ba lalaci ke kawo haka ba. Magidancin da ya baro rumfarsa, ko uwar da ta ajiye surfe ta zo, lissafi suke yi a zuci: awa biyun nan me ta ƙara mini? In aka yi makonni ana ta ba-be-bi-bo-bu ba su ga inda ta taɓa aljihunsu ba, za su koma inda suka fito. Don haka a ɗaure karatu da sana'a tun makon farko, abin da aka rubuta a allo yau a auna shi a sikeli gobe.

Kafin a sayi alli

A fara da mai unguwa da liman, in ajin mata ne a haɗa da mazajensu, a zauna da su a faɗa musu ranaku da lokaci da wadda za ta koyar. Matar da mijinta bai ji zancen daga bakin manya ba, ita ce ta farkon ɗaukewa. Daga nan a je ofishin ilimin manya na ƙaramar hukuma a yi wa ajin rajista a ƙarƙashin hukumar ilimin manya ta jiha. Kano ce ta fara kafa irin wannan hukuma a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta tarayya kuma ta biyo baya a 1990. Amfanin rajistar shi ne manhaja, da jarrabawar ƙarshe, da takardar shaidar da za a amince da ita in mutum ya so ci gaba.

Kada aji ya wuce mutum 25, domin dole malami ya duba littafin kowa a kowane zama. Kwana uku a mako, awa biyu-biyu, ya isa. A cire Juma'a da ranar kasuwar garin. Mata sun fi samun sarari tsakanin azahar da la'asar, maza kuwa bayan isha'i, wanda ke nufin sai an tanadi fitila mai aiki da hasken rana, aƙalla biyu, ɗaya a kan allo ɗaya a tsakiyar masu karatu. A ƙauye a buɗe aji bayan an kai amfanin gona gida, wajen Nuwamba ko Disamba, don a ci rabin tafiyar kafin ruwa ya sauka. Da damina a rage zuwa zama ɗaya a mako maimakon a rufe, domin ajin da aka rufe wata huɗu da wuya ya sake tashi. Da azumi a mayar da shi hantsi.

Kayan aiki kaɗan ne: allo, alli, littafin rubutu biyu da fensir ga kowa, sikelin kicin mai nuna giram, da tef ɗin awo. Akwai abin da ake yawan mantawa, wato ido. Mutum in ya haura shekara 40, ganin abu na kusa yakan fara yi masa wuya, kuma dattijo ba zai ce ba ya gani ba, cewa zai yi kansa ya toshe. A lura da mai nisanta takarda daga fuskarsa, a tura shi a duba masa ido. Tabarau na karatu mai araha ya sha ceto ɗalibin da aka ɗauka ba ya ganewa.

Malami kuma ya zama ɗan gari, wanda ya san wa zai ce wa Baba, wa zai ce wa Inna. Ba a tsayar da babba a gaban allo a bar shi yana kame-kame, ba a yi masa jan biro a littafi. A gyara masa a gefe, da murya ƙasa-ƙasa. A kuma tsayar da alawus ɗin malamin, da inda zai riƙa fitowa, tun kafin a buɗe. Aikin sa-kai yakan yi wata biyu ne ya gaji.

Yadda ake shiga karatun

Darasin farko sunan mutum ne. A rubuta wa kowa nasa da manyan baƙaƙe a kati, ya kwafa har ya iya. Wanda ya shekara hamsin yana dangwala yatsa, ranar da ya sa hannu da sunansa ba ya sake fashin aji da wasa. Hannun da ya saba da fartanya yakan danne fensir har ya huda takarda, don haka a fara da rubutu a ƙasa da tsinke, sannan alli, sannan fensir.

Ba sai an bi abacada a jere ba. A ɗauki wasula uku, a, i, u, da baƙaƙen da suka fi yawo a magana, irin su k, n, m, r, s. Da waɗannan kaɗai mutum zai karanta nama, rana, kasuwa in an ƙara w, masara, kuma a mako na biyu ya haɗa jimla. Sauran wasulan, e da o, su biyo baya. Baƙaƙe masu ƙugiya a koyar da su bibbiyu da 'yan'uwansu, ta kalmomin da ma'anarsu ke sauyawa: baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bari da ɓari. Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne baƙi mai nanatuwa, sai a ga an rubuta hanu maimakon hannu, kune maimakon kunne. Maganinsa tafi: a furta kalmar ana tafa kowace gaɓa, han-nu, kun-ne, sai kunnen ya ji abin da hannu ya tsallake.

Da yawa daga cikin ɗaliban sun yi makarantar allo, wasu ma suna rubuta ajami. Wannan jari ne. Wanda ya san fataha da kisira da rufu'a ya riga ya san aikin a da i da u, nuna masa kawai za a yi cewa a boko wasali harafi ne mai zaman kansa, kuma daga hagu ake farawa. Irin waɗannan a zaunar da kowannensu kusa da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Lissafi kuwa, manya sun iya shi a ka fiye da yadda malamai ke zato. Rubuta shi ne sabo a gare su. Kuskuren da aka fi gani shi ne a ce ɗari da biyar mutum ya rubuta 1005, domin ya rubuta abin da ya ji: 100, sannan 5. A ja gidaje uku a allo, na ɗaruruwa, na gomomi, na ɗaiɗai, a yi ta jera takardun kuɗi a ciki har sifiri ya zauna. A kuma kula da ƙirgen kasuwa. Dattijon da ke cewa jaka yana nufin naira 200, a Nijar kuma dala tana nufin sefa 5, jika sefa 1,000. In malami bai haɗa wannan da abin da ke rubuce a jikin kuɗi ba, ɗalibi zai riƙa yin lissafi biyu da ba sa haɗuwa. Daga wata na biyu a shigo da waya: adana suna, karanta saƙon shigar kuɗi, duba rasit ɗin mai POS.

Sana'ar: misali da sabulu

A zaɓi sana'ar da kayanta ke samuwa a kasuwar kusa, masu sayenta kuma suna cikin gari. Kada a koya wa mata 25 na unguwa ɗaya ɗinki, domin wa zai kawo wa wa? A raba su gida uku ko huɗu. Sabulu ya dace da ajin karatu saboda ba ya yafe kuskuren awo, dole mai yin sa ta karanta lamba.

Ga haɗi ɗaya: alayyadi giram 700, man kaɗanya giram 300, sodar yin sabulu (caustic soda) giram 153, ruwa giram 350. A auna komai a sikeli. Gwangwani da kofi su ne ke ɓata sabulun yawancin masu koyo, domin cikin gwangwani na soda yau ba shi ne nauyinsa gobe ba in ta sha iska. Kuma kowane mai da sodar da yake ci. Kilo ɗaya na alayyadi zalla yana ɗaukar wajen giram 165, man kaɗanya zalla wajen 120. Wadda ta sauya mai ba ta sauya soda ba, ko dai sabulun ya ci hannu, ko ya ƙi daskarewa.

A sa safar hannu ta roba da tabarau, a yi aikin a fili. A zuba ruwan a bokitin roba mai kauri, sannan a riƙa barbaɗa soda a cikin ruwa ana juyawa da muciya. Ba a zuba ruwa a kan soda, yana iya tafasa ya fantsamo fuska. Ba a kuma amfani da tukunyar dalma, soda tana cin ta. Ruwan zai yi zafi sosai, a bar shi ya huce. A narkar da man, a tace, a bar shi ya dawo ɗumi-ɗumi. Sai a tsiyaya ruwan sodar a cikin man a hankali, a yi ta juyawa ba tsayawa har ya yi kauri kamar kunu, yadda in aka ɗiga shi a sama zai bar shaida kafin ya nutse. A juye a akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, a rufe, bayan kwana ɗaya ko biyu a yanka. Haɗin nan yana ba da wajen kilo ɗaya da rabi, wato sanda 12 masu giram 125, za su kuma ɗan rage nauyi in sun bushe. A jera su a inuwa inda iska ke ratsawa har mako huɗu kafin a kai kasuwa.

In sabulu yana marmashewa yana kuma ƙona fata, soda ta yi yawa. In ya yi laushi yana naso, soda ta gaza ko ruwa ya yi yawa. In mai ya taso sama ya rabu, an daina juyawa da wuri.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: ruwan soda kamar ruwan sha yake a ido. Yaron da ya kurɓe shi yana iya ƙonewa a maƙogwaro, ya daɗe ba ya iya haɗiye abinci. Kada a taɓa zuba shi a gorar ruwa ko kofi, kada a jiƙa a bari ya kwana a tsakar gida, kuma ranar haɗi a ware mutum ɗaya ta riƙe yara nesa. In ruwan sodar ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, na ido a wuce asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi.

Kowane haɗi ya shiga littafi na biyu: kwanan wata, abin da aka saya da kuɗinsa, sanda nawa aka samu. A tara kuɗin kaya da na mota da ladan aikin mai yi, a raba da 12, a ga abin da sanda ɗaya ta ci kafin a sa mata farashi. Ladan aiki shi ne abin da masu koyo ke mantawa, sai su yi wata uku suna juya uwar kuɗi suna zaton riba ce. Jari kuma ya fito daga adashen ajin, ko da an samu tallafi a ɗora a kai. Kayan da aka raba kyauta ranar yaye ɗalibai, ba wanda ya sa ko kwabo a ciki, sukan ƙare a hannun dillalai.

In ajin na ruga ne

A nan ta wurin arɗo ake shiga, kuma tsarin gari ba ya aiki. Makiyaya sun fi zama wuri ɗaya da damina, a mashekari, da rani kuma shanu na gangarawa neman ruwa da ciyawa, wato kalandarsu kishiyar ta manoma ce. Maza sai dabbobi sun dawo da yamma, mata kuwa tatsa da kai nono kasuwa sun cinye musu safiya da rana, don haka su za a tambaya lokacin da ya yi musu. Malami ya zama mai jin Fulfulde, in da hali ɗan rugar, wanda zai tashi tare da su da allo mai naɗewa. A fara karatun da Fulfulde, a koyar da baƙaƙenta irin su ŋ da mb, nd, ng, nj, Hausa ta biyo baya don kasuwa. Hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna, ita ce wurin neman littattafai da shawara.

Kada a kai musu sana'ar da ba su nema ba, tasu na hannunsu. Littafin karatunsu kwalbar maganin dabbobi ce: ranar ƙarewar aiki, lambar NAFDAC, yawan abin da ake bayarwa, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Allurar ivermectin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, alal misali, mililita 1 ake yi wa kowane kilo 50, saniya mai kilo 250 ke nan mililita 5. A kawo kwalaben da babu komai a ciki da sirinji marar allura, a gayyato malamin dabbobi ya nuna yadda ake ƙiyasta nauyi da tef a ƙirjin saniya, kowa ya auna, ya rubuta, ya ja ruwa a sirinji daidai lambar da ya samu.