Darasi Na Shida: Yadda Ake Mayar Da Karatu Ɗabi'ar Kullum

Duk malamin da ya daɗe yana koyarwa a ajin yaƙi da jahilci ya san cewa makon farko ba shi da wahala. Aji kan cika maƙil, kowa ya zo da sabon littafin rubutu da fensir, har wani ya yi rantsuwa cewa daga bana ya daina dangwala yatsa a takardar banki. Amma da zarar damina ta kankama, ko kasuwa ta buɗe, ko aka shiga hidimar biki, sai a ga ɗalibai suna janyewa da ɗai-ɗai. Yawancin waɗanda suka janye ɗin suna da basira kuma suna da niyya, sai dai ba su ware wa karatu wani lokaci nasa na kansa a cikin yininsu ba, shi ya sa duk hidimar da ta taso sai ta ture shi gefe.

Ɗabi'a ita ce aikin da mutum ya yi ta maimaitawa a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, har ya zamana yana yin sa ba tare da ya tsaya shawara da zuciyarsa ba. Baligin da zai yi alwala ba ya tsayawa tunanin wace gaɓa ce ke bin wata, hannunsa ne kawai ke tafiya, alhali kuwa akwai ranar da sai da aka kama hannun nan aka nuna masa. Matsayin da muke son karatu ya kai ke nan a wurinku, kuma ku sani ba a kai shi cikin mako guda. Wasu masu bincike a wata jami'a da ke Landan, a ƙarƙashin jagorancin Phillippa Lally, sun bi diddigin mutum 96 waɗanda kowannensu ya zaɓi wani ƙaramin aiki da zai riƙa yi kullum, kamar shan ruwa a lokacin cin abinci ko 'yar tafiya a ƙasa. Sakamakon da suka fitar a 2009 ya nuna cewa a tsaka-tsaki sai an yi kwana 66 kafin aikin ya zama jiki, ko da yake akwai wanda kwana 18 suka ishe shi, akwai kuma wanda aka ƙiyasta zai buƙaci kwana 254. Saboda haka wanda ya yi wata guda yana ƙoƙari amma har yanzu yana jin nauyin ɗaukar littafi, kada ya zargi kansa da lalaci, domin bai ma kai rabin hanya ba.

A fara da kaɗan, a ɗaura shi a kan abin da aka saba

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar alkawari mai nauyi. Mutum zai ce kullum sai ya yi awa biyu yana karatu, ya cika a ranar farko da ta biyu, a ta uku ya dawo gida a gajiye ya ce sai gobe, daga nan kuma shi ke nan. Ya zo a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Don haka ku fara da layi uku, ko minti biyar, wato gwargwadon abin da ko ranar da kuka fi gajiya za ku iya yi. Wanda ya ji daɗi ya zarce babu laifi, amma layi ukun nan su ne alkawarin.

Bayan haka sai a nema wa karatun maɗauri. Cewa "zan karanta idan na sami sarari" ba ya kai mutum ko'ina, don magidanci da uwargida ba sa samun sarari sai sun ƙwace shi. Abin da ke aiki shi ne a jingina karatun da wani abu da ba a fashin sa. Salloli biyar sun riga sun raba yini gida-gida, don haka mai sallah yana iya cewa da ya shafa addu'ar asuba, kafin ya naɗe darduma, zai karanta layinsa uku. Wani kuma addu'ar safe ce maɗaurinsa, ko karin kumallo. Uwargida tana iya zaɓar lokacin da ta ɗora sanwa tana jiran ruwa ya tafasa, tela kuma da ya buɗe shago ya share, kafin ya hau keke. Kowa ya fi kowa sanin inda yininsa ke da 'yar kafa, sharaɗin dai shi ne lokacin ya zama guda, kada yau da safe gobe da dare.

Wurin ajiye littafin ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Littafin da aka ƙulle a akwati ƙarƙashin gado don tsoron yara ba zai karantu ba. A sa shi a cikin leda, da fensirinsa a fiƙe, a ajiye a kan darduma ko kusa da murhu inda wuta ba za ta kai ba, ko a aljihun teburin da ake zuba ciniki, yadda hannu zai taɓa shi ko da ba a tuna da shi ba.

Idan an yi fashi

Za a yi fashi, wannan babu makawa, domin akwai rashin lafiya, akwai baƙi, akwai zaman makoki. Binciken Landan ɗin nan ya gano cewa tsallake rana guda ba ya rushe abin da aka gina. Abin da ke rushe shi shi ne mutum ya ce tun da ya fasa jiya ai ya riga ya karya, sai kwana ɗaya ya zama mako. Ku kafa wa kanku doka cewa ba za a yi fashi biyu a jere ba. Yana kuma taimakawa a sami abokin tafiya. Dubi yadda adashi yake: matar da ba ta iya ajiye naira ɗari a gida sai ga ta tana zubi kowane mako ba fashi, saboda uwar adashi za ta aiko kuma 'yan zubi suna kallo. To, kowane ɗalibi ya zaɓi mutum guda a cikin aji wanda za su riƙa tambayar juna inda aka tsaya.

Sau da yawa kafin sabuwar ɗabi'a ta sami wurin zama sai wata tsohuwa ta matsa, kamar doguwar hira a majalisa ko danne-dannen waya har tsakar dare. Ita ma ba a tumɓuke ta a dare ɗaya. Ko haramcin giya a Alƙur'ani mataki-mataki ya sauka: aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar sallah cikin maye, sannan aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da a nisance ta gaba ɗaya. Mai son rage waya ya fara da barin ta a wani ɗaki na tsawon mintocin karatunsa, ɗan majalisa kuma ya riƙa tashi kafin a watse. Wanda matsalarsa ta kai ga shan ƙwaya ko maganin tari mai sa maye, wannan dabarar kaɗai ba za ta ishe shi ba, ya kamata ya ga likita.

Aikin gida

A shafin farko na littafin rubutunku, kowa ya rubuta jimla ɗaya da hannunsa wadda ta faɗi lokaci da wuri da yawan abin da zai karanta, misali: "Bayan sallar asuba, a kan dardumata, zan karanta layi uku." Wanda rubutunsa bai kai ba tukuna, malam ya rubuta masa shi kuma ya kwafa a ƙasa. A shafi na biyu ku zana gidaje bakwai, ku sa wa kowanne sunan rana daga Asabar zuwa Juma'a, ku riƙa yin alama a gidan duk ranar da kuka cika. Ku zo da shafin a darasi na gaba yadda yake, ko da gida biyu kaɗai aka cike, domin malam zai zauna da kowa a duba ko lokacin da ya zaɓa ne bai dace ba a sauya masa wani.